Shaidar Malam Hudu

Fankar ofishin ba ta juyawa, sai aka bar ƙofa a buɗe, duk wanda ke kan bencin waje yana jin tambayoyin da ake yi wa na ciki. Zaharaddin na ƙarshen benci, cikin rigar aro da ta yi masa yawa a kafaɗa.

Wata ƙungiyar manoman rani a Dutsin-Ma ce ke neman mutum ɗaya da zai kula da injinan ban-ruwa a bakin dam. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma duk wata ne, kuma abin da yake nema ke nan. Tun da matarsa Bilkisu ta rasu a kan naƙuda da damina, jaririyar na hannun kakarsa a Tamawa, ana ba ta madarar gwangwani. Surukinsa, Alhaji Ja'afar na Kurfi, ya riga ya yanke magana: in sallah ta zo ba shi da abin yi, za su zo su ɗauki jikarsu. Ita kaɗai ce abin da Bilkisu ta bari mai numfashi.

Wanda ke ciki, Khalil, ya gama jami'a. Da aka tambaye shi rauninsa, ya ce yakan dulmuya cikin aiki har ya manta bai ci abinci ba. Aka yi dariya mai daɗi. Zaharaddin ya dubi tafin hannunsa. Shi a aji biyar na sakandare ya tsaya.

Mutum biyu ne a bayan tebur. Hajiya Ikilima, wadda masu ba da tallafin injinan suka turo daga Katsina, ita ke tambaya. Gefenta Malam Hudu, dattijon ƙungiya, an zaunar da shi don ya ba da shaida a kan masu nema, tunda babu gidan da bai sani ba daga nan har Birchi. Ya gaisa da Khalil da suna, har ya tambayi ƙafar mahaifinsa. Da Zaharaddin ya shigo ya durƙusa, sai dattijon ya kau da kai wajen taga.

"Zaharaddin Tamawa," in ji Hajiya. "Tashi ka zauna. Mene ne rauninka?"

Abokansa na majalisa sun koya masa ya faɗi wani abu da a ƙarshe zai koma yabo. Ya neme shi a kansa ya rasa.

"Mantuwa, Hajiya. Bana ta same ni. Sai in ɗauki sifana in yi tsaye, ban san abin da na zo kwancewa ba."

Ta ɗan dube shi ta saman tabarau. "Ka taɓa samun saɓani da wani? Yaya kuka ƙare?"

"Da surukina. Ranar sadakar uku ya ce za su tafi da ɗiyar. Na ɗaga mashi murya gaban mutane."

"Ka ba shi haƙuri?"

"Na je. Bai fito ba."

Carbin da ke hannun Malam Hudu ya daina tafiya.

"To wane koma-baya ka taɓa fuskanta, kuma me ka koya daga ciki?"

Zaharaddin ya yi ƙoƙarin gano darasin. Abin da ya zo masa kawai hanyar Tamawa ce cikin laka, mashin na zamewa, wata maƙwabciya na rungume da Bilkisu a baya, da yadda kanta ya riƙa ƙara nauyi a gadon bayansa. An ciro yarinyar da rai. Uwar ba ta ko ji kukanta ba.

"Matata ta rasu, Hajiya. Ni na ɗauko ta, ban iso da wuri ba. Ban koyi komai ba tukuna. Ina ta dubawa."

A waje wani inji na tari yana mutuwa.

"Allah Ya jiƙanta," in ji Hajiya Ikilima, muryarta ta sauka. Ta daɗe tana juya biro, sannan ta waiwayi dattijon. "Malam, ɗan garinku ne. Amsoshinsa ba su taimake shi ba, amma ni na ga gaskiya a ciki. In ka ce mani yaron kirki ne, wallahi shi zan ba. Ka san shi?"

Zaharaddin ya sunkuyar da kai. Bai yi addu'a ba, don ya riga ya san abin da zai ji.

Zufa ta gangaro daga ƙarƙashin hular Malam Hudu ta shige gemu.

"Ana dai ganin shi a gari."

"Halinsa fa, Malam?"

"Hajiya, a tambayi wani."

Ta fahimci abin da kowa zai fahimta. Ta rufe biro, ta ce za a neme shi. Kafin ya gama zura takalmi a bakin ƙofa, ya ji an sake kiran Khalil.

Ya tsaya a bakin titi har la'asar ta yi sanyi, yana tunanin yadda zai gaya wa kakarsa ta fara ninke kayan jaririyar. Ba su da yawa, leda ɗaya za ta ɗauke. Sai wani tsohon mashin ya tsaya a gabansa. Malam Hudu ne, idonsa na kan hanya.

"Kai. Hau."

Ya hau. Suka bar gari, suka shiga tsakanin gonakin da aka girbe. Can wajen kwanar Tamawa Zaharaddin ya ji bayan tsohon na jijjiga, ba kuwa gargadar hanya ba ce. Bai tambaya ba, bai kuma ji haushi ba. Ina za a yi tsohon ya yabe shi a gaban baƙuwa, mutumin da kunya ba ta taɓa barin shi ya ko kama sunansa ba tun ranar da aka raɗa, saboda shi ne ɗansa na fari?