Mai Tuwo da Kifayen Malam

Kai da kake ganin ka daɗe a sana'a har ka wuce a nuna maka, gyara zama ka ji misalin wata mai tuwo-tuwo. Shekara talatin da ɗoriya ta yi tana tuƙa tuwon sayarwa a bakin tasha, ba wanda ya taɓa tashi daga bencinta da sauran yunwa. In tana sonka sai ta ƙara maka malmala, in ka ce ka ƙoshi ta ce ƙarya kake. Mijinta Malam kuwa tsohon tela ne, da ya ajiye keken ɗinki sai ya tsiro da abin da unguwa ta yi ta yi masa dariya. Ya sayo akwatin gilashi ya cika da ruwa, ya zuba 'yan kifaye bakwai, jajaye da masu ruwan goro, ba na ci ba, na kallo. Ita ma ba ta raga masa ba, kullum sai ta ce kifin da ba ya shiga miya ai ɓarnar ruwa ne.

Ana nan sai Allah ya jarrabce shi da shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya tafi, harshe ya yi nauyi, ba abin da ya rage masa na jin daɗi sai a jingina shi da filo ya zuba wa gilashin ido. Da ta lura sai yana kallon kifayen ne fuskarsa ke sakewa har ya yarda ya ci abinci, sai ta ci ɗamarar riƙonsu. Ta buɗe ɗan gwangwanin abincinsu, ta ga wani abu shara-shara kamar ɓawon albasa, ta taɓe baki ta ce dole su ƙi girma, ashe da yunwa Malam ke horar da su. Ta tura gwangwanin bayan rediyo. Daga ranar kifaye suka shiga sahun 'yan gida: da safe gutsuren burodi, da rana ɗan tuwo da ta murje, da la'asar garin ƙuli-ƙuli. Su kuma ba kunya gare su ba, duk sanda ta gifta sai su taso sama suna wangale baki, ita kuwa ba ta iya ganin baki a buɗe ta wuce. Malam ya riƙa gurnani yana kaɗa hannun hagu, sai ta ce, "Na sani, Malam, yanzu zan ƙara musu."

Ba a yi mako biyu ba ruwa ya yi fari kamar ruwan wankin gero, ya fara ƙarni. Abin da kifayen suka bari ya kwanta a ƙasa yana ruɓa. Ta wayi gari ta tarar ɗaya ya juya ciki sama, kashegari biyu, har bakwai suka koma uku, su ma da kyar ake hango su. Malam ya juya fuskarsa ga bango, ya datse haƙora, ko kunu ya ƙi karɓa. A nan ne tsoro ya kama ta, don ta gane in ukun nan suka tafi, mai kallonsu ma ba zai daɗe ba. Duk da haka kwana biyu girman kai na riƙe da ƙafarta. Ita da ta ciyar da rabin gari, yau wani ne zai koya mata yadda ake ba baki abinci? A na uku ta yafa mayafi, ta ɗebi ruwan kifayen a kwalba, ta yi ta cigiya cikin kasuwa har aka nuna mata shagon wani dattijo mai sayar da kifin ado. Ya ɗaga kwalbar ya duba, ya ji jerin abin da take ba su, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Hajiya, ai ke biki kike musu kullum! Cikin kifin nan bai fi idonsa girma ba, kuma tuwo da mai da gishiri ba cimarsu ba ce. Ki tsame ruɓaɓɓen, ki kwashe sulusin ruwan ki mayar da wanda ya kwana a bokiti, ki bar su kwana biyu ba ci. Bayan nan sai na gwangwanin, ɗan abin da za su cinye kafin ki gama alwala. In kin matsu sai kin dafa musu, to ɗan ganyen alayyafo da aka sulala, ba gishiri."

Kwana biyun nan sun fi mata azumin bazara wuya. Kifaye na wangale baki, ita tana ɓoye hannu a bayan zani tana ba su haƙuri. Amma kullum ta sauya ɗan ruwa sai ya ƙara washewa, har jan jikinsu ya dawo ana gani tun daga ƙofa. Ran da za a sake ba su abinci ta ɗauko gwangwanin, ta tsaya da shi turus, don ta san hannunta bai san kaɗan ba. Sai ta yi abin da ya kamata ta yi tun farko. Ta jawo teburin gilashin kusa da gado, ta durƙusa, ta ce, "Malam, nuna mini." Ya daɗe yana kallonta. Can ya miƙo hannun hagu, ya tsinci abin da bai cika tsakanin yatsu biyu ba, ya barbaɗa a kan ruwa. Kifaye uku suka taso suka lashe tas, ruwa ya kwanta garau. "Haka," in ji shi, kalmar farko da ta fita sarai daga bakinsa cikin wata biyu, matar kuwa ta rasa kuka za ta yi ko dariya, sai ta haɗa duka.

Kifi huɗu girman kai ya ci mata, tambaya ta tsirar mata da uku har da mai su. Shi ya sa Hausawa suka ce matambayi ba ya ɓata.