Tsagar Dasashi

Jinin ya riga ya jiƙe auduga ta biyu lokacin da sabuwar likitar haƙori ta ɗaga leɓen matar da aka kawo. Dasashin sama ya tsage har ƙashi, haƙori ɗaya yana rawa. A makaranta cire haƙori da cike shi ta iya, dasashi kuwa a hoto kawai ta taɓa ganin an ɗinke shi.

Sa'arta ɗaya, Babban Likita yana nan. Shi ya shigo da matar ta ƙofar baya, ko kati ba a yanka ba. Tun da sabuwar likita ta fara aiki a ƙarƙashinsa makon jiya yake koya mata raunin dasashi, kuma ya iya koyarwa, ba ƙarya. Faɗuwa, in ji shi, tana ƙuje haɓa da hanci. Naushi kuwa tsaga ɗaya yake bari, mai zurfi, musamman in hannun da zobe. In kin ga haka, ki fitar da mijin waje, sannan ki tambaya.

Haɓar matar lafiya lau, hancin ma haka. Sabuwar likita ta leƙa ɗakin jira, ba ta ga wani miji ba, ta ji daɗi, ta ja ƙofa ta rufe.

Babban Likita yana bakin famfo yana fama da sabulu, zobensa ya ƙi fita. Da ƙyar ya zare shi ya sa safar hannu. Bai tambayi matar ko akwai maganin da jikinta ba ya so ba, ya ɗauko allura ya kashe wurin. Ɗinkin ya fito tsaf, gwanin sha'awa.

Tausayi ya kama sabuwar likita. Ta sunkuya, ta yi abin da aka koya mata.

"Yaya, ba kowa a nan sai mu likitoci. Wa ya yi miki wannan?"

Matar ta ƙura wa fitilar sama ido, hawaye yana gangarawa cikin kunnenta.

"Santsi ne ya kwashe ni."

"Tambaya mai kyau," in ji Babban Likita. "Haka ake yi."

Ya cire safar, ya tura zoben a kumburarren yatsansa, ya miƙa wa matar mayafinta.

"Tashi mu je gida, yara ba su karya ba."