Farin Ƙyalle a Maƙera

Ran da likitan Turawa ya dawo duba ƙyallayen, nawa ya fi na kowa baƙi, kuma ni kaɗai na san dalili.

Kwana bakwai kafin nan ya maƙala wa kowane maƙeri a unguwarmu farin ƙyalle a ƙirji. Mu dai mun ɗauka gwajin wanda ya fi aiki ne. Kwana uku, na ƙanena ya yi baƙi ƙirin, nawa kuwa toka-toka. Aka fara tsokanata: "Baba, girma ya zo, a bar wa yaro wutar." Ni da na koya masa riƙon guduma? Na cire nawa a ɓoye, na turara shi da hayaƙi.

Da likitan ya duba nawa, tafintansa ya ce, "Malam, abin da ke ƙyallen nan shi ke cikin ƙirjinka. Gado ɗaya ya rage a asibiti, naka ne."

Ƙanena ya yi ta hamdala an ceci yayansa. Kunya ta hana ni faɗin gaskiya.

Wata biyu ina kwance lafiyata ƙalau, shi yana bakin wuta, yana aikinsa da nawa. Tari bai bar shi ya ga kaka ba.