Dandamalin Jirgin Tsohuwa

Kafinta Kwok, wanda ake kira Sifu, wato gwani, ya danna bakin sukudireba a jikin katakon, sai ya nutse kamar a cikin dafaffen dankali. Ya ja tsaki.

Dandamalin da ke bayan jirgin, inda ake zama a zura ƙafa cikin ruwa ko a sauka yin iyo, na katakon icen da ake kira tik ne, mai kyau kuwa a zamaninsa. Amma an bar shi rana na duka, ruwan gishiri na ci, har ya yi furfura ya tsattsage. Ƙarafan da ke tallafe da shi ta ƙasa, dab da farfela, tsatsa ta gama da su.

Mai jirgin tana tsaye a bakin gaɓa. Tsohuwa ce, da silifas na roba da faffaɗar malafa, warin busasshen kifi na tashi daga tufafinta. Kallo ɗaya Kwok ya yi mata ya san 'yar mutanen ruwa ce, irin waɗanda ake haifa a kwalekwale su mutu a kwalekwale. Ta ce kwanan nan ta sayi jirgin na hannu, kuma ba ta son kowa ya taɓa dandamalin nan sai shi.

Kwok ya tsufa yana gyaran jiragen manyan mutane a tashar Aberdeen. Bai taɓa zaton zai ga ranar da mai tallan kifi za ta mallaki jirgin shaƙatawa ba. Haka suke, a ganinsa: da sun ɗan samu sai su fara leƙen abin da ya fi ƙarfinsu. Su ne ma suka raba shi da 'yarsa tilo, Suet-ying, wadda ya kai har jami'a, ta rasa wanda za ta kawo masa sai ɗan masunta. Bai yarda ya ga yaron ba, balle danginsa. Ranar ɗaurin auren ya buɗe rumfarsa kamar kullum.

Ya gaya wa tsohuwa sai an canza katako da ƙarafa gaba ɗaya. Ba ta yi ciniki ba. Wannan ma ya ƙara masa raini.

Sabon katakon ya iso, ja-ja-wur, yana ƙamshi. Kwok ya shafa shi da tafin hannu, ya ga asara ce a shimfiɗa wannan ƙarƙashin silifas ɗin roba. Ya ajiye shi gefe don jirgin wani manajan banki. Ya koma kan ruɓaɓɓen, ya kwaɓa garin katako da gam ya cike ramukan, ya bi da samfefa har ya yi sumul. Ƙarafan kuwa ya kankare musu tsatsar da ido ke gani, ya lulluɓe su da baƙin fenti. Da ya shafa mai, katakon ya sha ya yi launin zuma. Shi kansa da ya ja da baya sai da ya yaba wa hannunsa.

Kullum da hantsi tsohuwa na zuwa da shayi mai madara da burodi mai zafi. Ba ta cika duban jirgin ba, shi take kallo. Takan tambaye shi ko yana cin abinci a kan lokaci, ko akwai mai yi masa wanki, ko tarin nan nasa ya je asibiti. Kwok ya gaya wa maƙwabcinsa mai gyaran inji cewa da alama tsohuwar miji take nema, ba dandamali ba. Suka yi ta dariya. Burodin kuwa karen rumfa yake ba wa.

Ranar da ta zo karɓar jirgin ta durƙusa ta shafa katakon, idonta ya kawo ruwa. Ta ce lallai wanda ya ba ta labarin hannunsa bai yi ƙarya ba.

"Sifu, zai ɗauki mutum mai nauyi?"

"Ko saniya ce, Iya," in ji shi, yana tsaye daga gefe, bai taka ba. A ransa ya ce irin wannan jirgi a hannun irin waɗannan mutane, iyakarsa a ɗaure shi ana shanya kifi a kai.

Ran Lahadi da rana yana fiƙe kurfinsa na sassaƙa sai ga ta kuma, wannan karon cikin rigar siliki, da kwalin alewa a hannu. Gari ya yi kyau, teku ya kwanta, jirage sai fita suke yi. Ya tambaye ta a gajarce ko wani abu ne ya lalace. Ta ce babu, godiya ta zo yi, kuma tana so ya rufe rumfa ya bi ta bakin gaɓa da yamma su tari yara. Tun safe suka fita da jirgin. Ai ba nata ba ne, kyauta ce ta saya wa ɗanta da matarsa, don likita ya ce iyo zai taimaki yarinyar, ga shi cikinta ya tsufa, bayanta na damunta.

Kwok ya ce to shi ina ruwansa da yaranta.

Tsohuwa ta ajiye kwalin a kan teburinsa, ta yi murmushi.

"Da na gaya maka ko ni wace ce, da ka kore ni, Sifu. Amma na ce a duk tashar nan, wa zai fi uba kula da katakon da Suet-ying za ta taka da jikansa a ciki?"