Warin Ɗakin Gola

Orest Danyluk ya toshe hanci da wuyan rigarsa tun bai kai ƙofar ba. Shekara goma sha ɗaya yana manajan ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garin, ya shaƙi warin 'yan wasa iri-iri, amma na ɗakin gola daban yake. Sai ka ce an jiƙa mushe an ɗaure a buhu.

Ɗakin na Armand Bellerose ne shi kaɗai. Tun da aka yi masa aiki a gwiwa shekara biyu da suka wuce, ya dawo da sharuɗɗa. Ba zai shirya tare da sauran ba. Ba a wanke kayansa muddin ana cin wasa, wai wanki yana tafiya da sa'a. Ranar wasa ko atisaye ba mai yi masa magana, shi ma ba ya tanka wa kowa. Kwalkwalinsa kuwa, irin wanda ake ƙerawa daidai da fuskar mai shi, ba ya cire shi ko ana taken ƙasa. Kowa ya san masu tsaron gida da tsirfa, sai aka zuba masa ido. Balle ma tun daga lokacin ya zama katanga, ƙwallo ba ta wuce shi sai da kyar.

Amma albashinsa ya kai na 'yan wasa huɗu, kuma kwamiti ya gaji. Sun ba Orest zuwa azahar ta Litinin: ko ya sallami Armand, ko ya nemo inda zai rage kashe kuɗi.

Da son ran Orest ne, da tuni ya sallame shi. Duk abin da mutumin ke yi a wajen fili ƙyama yake ba shi. Ga tumbi ya fara saukowa. Zai zauna a kantin filin wasa ya tasa soyayyen dankali da romo da cuku a gaba, yana ci da hannu yana lashe yatsu, ya goge a wando. In ya hau bene sai ya tsaya yana haki. Amma in Asabar ta yi, ranar wasa, ka ga mutum ya fito daga wannan ɗaki mai ɗoyi yana tsalle kamar kyanwa, jama'a suna kiran sunansa har rufin yana amsawa. Wa zai kori wannan ya zauna lafiya a gari?

Sai tunaninsa ya faɗa kan Ovide, mai kula da kaya. Ɗan ƙauyen su Armand ne, Armand ɗin ne ya kawo shi bayan aikin gwiwar, kuma shi kaɗai ke shiga ɗakin. Dogo ne, shiru-shiru, an ce a can gida hukumar wasa ta taɓa yanke masa hukuncin hana shi wasa, ba wanda ya damu ya tambaya. A ganin Orest ba shi da wani amfani. Ana tsakiyar wasa sandar wani ɗan wasa za ta karye, a nemi mai miƙo wata, babu Ovide a benci. Washegari ya zo yana ɗingishi, wai ɗaukar jakunkuna ne. Mai kula da kayan da ba ya wanke kaya, me ake biyansa?

Ranar Litinin da hantsi ya kira su biyun ofis, ya buɗe taga duk da sanyin. Ya tura wa Armand takardar sabon kwantiragi na shekara biyu. Armand ya sa hannu yana murmushi, har ya bar tabon maiƙo a gefen takardar.

Sannan Orest ya juya ga Ovide, ya ce masa daga yau aikinsa ya ƙare, kada ya sake taka filin.

Murmushin Armand ya ɗauke. Ya fara magiya, wai ya saba da mutumin, wai sa'arsa ce, wai a cire daga albashinsa.

"Kai dai ka tsare raga," in ji Orest. "Kayan nan kuma yau za su ga ruwa da sabulu, ko sa'ar ta bi magudana."

Ya ɗauki ambulan sallamar ya wurga ta gefe don wulaƙanci. Ovide bai ko kalla ba, hannunsa na hagu ya cafe ta a iska. Ya ce zai ɗauki abu ɗaya nasa a ɗakin ya tafi.

Orest ya bi bayansa don kada ya yi hannu da kayan ƙungiya, Armand na biye da su yana share gumi. Ovide ya wuce safar hannun da ta yi baƙi, ya wuce rigar da ta sandare da gishirin zufa, ya ɗauko kwalkwalin.

"Ajiye, ɓarawo. Wannan na mai shi ne."

Orest ya fizge shi da yatsu biyu, ya kifa wa Armand a ka. Kwalkwalin ya tsaya a goshi. Ya danna, ya ƙi wuce kumatu.

Ovide ya miƙa hannu a hankali ya karɓa, ya sa. Ya zauna masa daram, kamar murfi da tukunyarsa. Ta cikin wayoyin ƙarfen da ke gaban kwalkwalin ya dubi Orest da idanun da garin ya shekara biyu yana yi wa tafi, ya ce, "Ranar Asabar sai ka lallaɓa Armand, maigida. Tun aikin gwiwar rabonsa da tsayuwa a raga."