Tabo a Hoton Saudatu

Karo na biyu ke nan Simeon, mai ɗaukar hoton ƙirji a asibiti, ya ɗaga baƙin fim ga hasken taga, ya girgiza kai.

"Hajiya, akwai ƙarfe a jikin yarinyar nan. Ya tare gefen zuciya, likita ba zai ga komai ba."

Hajiya Kyauta ta watsa masa harara. Tun sassafe ta taso daga Kurfi da jikarta Saudatu, 'yar shekara biyu, wadda tun bayan ƙaramar Salla ta daina haɗiyar tuwo, sai koko da tari. Shekara ashirin Hajiya tana awon hatsi a kasuwar Dutsin-Ma tun rasuwar maigidanta, ba a taɓa yi mata ƙwange ba. Yau kuma wani zai ce injinsa lafiya lau, jikarta ce da laifi?

Ta cire wa yarinyar laya. Ta cire warwaro. Ta kwance jigida, ta ƙulle su a bakin zane, don ba ta yarda da idon mutumin ba.

"Ɗan nan, ga ta yadda Allah ya halicce ta. In ka sake ganin ƙarfe, to a cikin akwatinka yake."

Simeon ya sake ɗaukar hoton. Yana shiga ɗakin wankin hoto, wani tunani ya faɗo mata. Kar dai aikin Mairama ne? Uwar yarinyar, matar ɗanta Ilu, wadda ta kora gidansu a Wurma kan sata, tana kuka tana rantsuwa da Alƙur'ani. Mai hannun ɓera ai ba ta rasa boka. Hajiya ta taɓa ɗan kunnen zinarinta, guda ɗaya tal da take yawo da shi, ta yi ƙwafa.

Wannan karon ta gefe Simeon ya ɗauka. Ya fito, fim na ɗigar ruwa.

"Zuciyarta ƙalau, Hajiya. Abin a hanyar abinci ya maƙale. Likita zai ciro shi yau."

Ya dubi hoton, ya dubi kunnenta, ya miƙa mata fim ɗin.

Fari tas a tsakiyar ƙirjin Saudatu, da 'yar ƙugiyarsa a lanƙwashe, ga ɗan'uwan ɗan kunnen nan da ta kori Mairama a kansa.