Sha Takwas Sau Hamsin

"Kwali ashirin da biyar, kowanne da gwangwani arba'in da takwas. Nawa ke nan?" matata ta sake tambayata.

Na dafe kai. Wata bakwai ba ni da aiki, ga shi wani kamfani na neman mai kula da sito.

"Haba Baban yara, raba arba'in da takwas ɗin mana! Huɗu sau sha biyu ne. Ashirin da biyar sau huɗu, ɗari. Ɗari sau sha biyu fa?"

"Dubu da ɗari biyu," na ce, kamar in fasa ihu. Sati biyu tana gasa ni haka, ko abinci ba na ci cikin kwanciyar hankali.

Ranar ganawa, manaja ya ce, "Sha takwas sau hamsin?"

Na raba sha takwas biyu, na ninka hamsin. "Ɗari tara!"

Ya danna kalkuleta, ya daɗe yana kallona.

"Daidai ne. Wanda muka kora ma haka yake da saurin lissafi. Kafin mu gama dannawa ya kwashe rabin sito. Yi haƙuri, malam. Na gaba!"